Ina Yahudawan da Suka Fara Bin Almasihu Suka Shige?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya bayan ya saurari muƙabala tsakanin wani malami da wani fasto. Ya ce ya ji ana faɗin cewa mabiyan Annabi Isa (AS) na farko Yahudawa ne masu kaciya, masu kiyaye Asabar, masu riƙo da Attaura. To ina suka shige? Kashe su aka yi ko narkewa suka yi? Kuma su wa suka ba mu labarinsu, za a iya yarda da su?

Malam, tambayarka biyu ce a ƙunshi ɗaya, kuma ta biyun ita ke riƙe da wuyan ta farkon. Ba a rana ɗaya mutanen nan suka ɓace ba, ba kuma takobi ne ya gama da su ba. Sun ɗauki wajen shekara 400 suna raguwa. Yaƙe-yaƙe biyu suka raba su da Urushalima, wato birnin Ƙudus, sannan majami'ar Yahudawa da ikilisiyar Kiristoci kowacce ta ja musu ƙyaure a hankali. Mafi yawan abin da muka sani a kansu kuwa daga bakin masu yi musu raddi ya fito. Ka ƙaddara wata ƙungiya ce ta shuɗe, ba ta bar littafi ko ɗaya cikakke ba, sai abin da abokan hamayyarta suka tsakuro don su ƙaryata. Haka aikin yake. Zan riƙa kiran mutane da wurare da sunayen da suke a Littafi Mai Tsarki na Hausa, don wanda zai duba ya same su cikin sauƙi.

Su kansu ba su taɓa kiran kansu "Kiristocin Yahudawa" ba. Masanan Turai ne suka raɗa wannan suna, tun daga John Toland a 1718, sai Ferdinand Baur na jami'ar Tubingen ya ɗora a 1831. Da farko ba a bukatar sunan, don kowa Bayahude ne: Bitrus, Yohanna, Yakubu, har Bulus ɗin kansa. Muhawarar da littafin Ayyukan Manzanni ya kawo a sura 15, wajen shekara ta 49 miladiyya, ba a kan ko Bayahude zai ci gaba da bin Attaura aka yi ta ba. Wannan ba wanda ya yi tantama. A kan baƙi aka yi ta, wato waɗanda ba Yahudawa ba da suke shigowa: sai an yi musu kaciya ko a bar su haka? A sura 21 ma dattawan Urushalima sun gaya wa Bulus cewa dubban Yahudawa sun ba da gaskiya, kuma dukkansu masu kishin Shari'ar Musa ne. Cikin shekara 100 kacal tambayar ta juye, aka koma tambayar ko mai kaciya da kiyaye Asabar zai iya zama Kirista. Baƙo ya zama mai gida.

Shugabansu a Urushalima shi ne Yakubu, wanda Bulus ya kira ɗan'uwan Ubangiji. Kiristoci sun saɓa a kan irin dangantakar: wasu sun ce ɗan Maryamu ne, wasu sun ce ɗan Yusufu ne daga wata matar, wasu sun ce ɗan baffa ne ko ɗan inna. Kalmarmu ta "ɗan'uwa" ta ɗauke duka ukun, sai mu wuce. Mutuwarsa ce abu mafi ƙarfin hujja a dukan labarin nan, don wanda ya rubuta ta ba Kirista ba ne. Yosifus, marubucin tarihi Bayahude, ɗan gidan firistoci a Urushalima, ya ce a shekara ta 62 gwamnan Rumawa Festus ya mutu, magajinsa Albinus yana kan hanya, sai babban firist Hananu ɗan Hananu ya yi amfani da wannan giɓi ya kira majalisa, ya tuhumi Yakubu da wasu da karya doka, aka jefe su. Abin lura shi ne waɗanda suka fusata. Yosifus ya ce mutanen birnin da suka fi kowa tsanani wajen kiyaye doka su ne suka kai ƙara, aka tuɓe Hananu bayan wata uku kacal a kan kujera. Ke nan shekara 30 bayan Almasihu, ana kallon shugaban mabiyansa a matsayin Bayahude mai mutunci wanda aka zalunta. Wani marubucin ƙarni na 2 mai suna Hejesifus ya ƙara da cewa gwiwoyin Yakubu sun yi kanta kamar na raƙumi saboda yawan durƙuso a Haikali. Akwai ƙawa irin ta masu ba da tarihin waliyyai a ruwayarsa, amma hoton da ta zana bai saɓa wa na Yosifus ba.

A 66 Yahudawa suka yi wa Rum tawaye, a 70 Titus ya ƙone Haikali. Yusibiyus, bishop ɗin Kaisariya kuma uban tarihin ikilisiya, ya ce kafin yaƙin an yi wa jama'ar wahayi su fita, suka haye Kogin Urdun zuwa garin Fella, wanda kufansa yana nan a ƙasar Jodan, ana kiransa Tabakat Fahl. Matsalar ita ce Yusibiyus ya rubuta wannan kusan shekara 250 bayan faruwar abin, kuma Yosifus ya lissafa Fella cikin garuruwan arna da 'yan tawayen Yahudawa suka kai wa farmaki a 66, abin da ya sa wasu ke ganin ba wurin da Bayahude zai nemi mafaka ba ne. S.G.F. Brandon a 1951 ya musanta labarin, Gerd Lüdemann daga baya ya ce ƙirƙira ce ta Kiristocin Fella, masu son su jingina asalinsu ga uwar ikilisiya. Ni a ganina sun wuce gona da iri. Cewa jama'a duka sun tashi rana guda cikin tsari, wannan kam ya yi kama da labarin da aka goge. Amma cewa wasu iyalai sun tsere gabas da Urdun suka zauna, yana da mai goyon baya: a wannan yankin ne daidai ake samun zuriyar ƙungiyoyin nan a ƙarni na 4.

Bayan yaƙin, shugabanci ya zauna a hannun dangi. Hejesifus ya ce Saminu ɗan Kilofas, ɗan baffan Almasihu, shi ya gaji Yakubu, aka gicciye shi a zamanin sarki Tarajan. Ya kuma kawo labarin da na fi so a duk wannan fanni. An kai jikokin Yahuza, wani ɗan'uwan Almasihu, su biyu gaban sarki Domitiyan, wanda ya yi mulki daga 81 zuwa 96, bisa zargin cewa zuriyar Dawuda ne, masu iya neman sarauta. Ya tambaye su dukiyarsu. Suka ce dinari 9,000 ne tsakaninsu su biyu, kuma ba kuɗi ba ne a hannu, ƙimar 'yar gonarsu ce da suke nomawa su biya haraji su ci. Sai suka miƙa masa tafin hannunsu ya ga kanta. Ya raina su, ya sallame su. Ko sarkin Rum da kansa ya yi musu tambayoyin, abin shakka ne. Amma manoma biyu masu kantar hannu a ƙauyen Falasɗinu, waɗanda jama'a ke girmamawa don jininsu, wannan ya dace da abin da Yuliyus Afirkanus ya rubuta a farkon ƙarni na 3, cewa dangin Almasihu suna zaune a ƙauyukan Nazarat da Kokaba, suna riƙe da salsalarsu.

Mutane sun fi ambaton shekara ta 70, amma a wurina 135 ce ta karya ƙashin bayan jama'ar. Daga 132 Siman Bar Kokba ya jagoranci tawaye na biyu, wasu suna ɗaukarsa Almasihun da ake jira. Mai bin Isa ba zai iya yi wa wani almasihu mubaya'a ba, kuma Jastin Shahidi, marubuci Kirista wanda ya rayu a zamanin, ya ce Bar Kokba ya azabtar da Kiristocin da suka ƙi yin ridda. Da sarki Hadriyan ya murƙushe tawayen, aka gina birnin arna mai suna Iliya Kafitolina a kan Urushalima (sunan ya daɗe, shi ne Iliya'u da ke cikin littattafan tarihin Musulunci), aka hana duk Bayahude shiga. Sojan da ke bakin ƙofa ba ruwansa da aƙidarka. Mai kaciya Bayahude ne. Yusibiyus ya lissafa bishop 15 "na kaciya" daga Yakubu zuwa wannan lokaci, sannan ya ce na gaba, Markus, shi ne na farko daga Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Jerin sunayen kansa yana da abin tambaya, don bayan Saminu sai an cusa mutum 13 cikin shekarun da ba su kai 30 ba, shi ya sa wasu ke ganin dattawa ne da suka yi aiki tare aka jera su kamar masu gadon juna. Ko ma yaya ne, daga 135 ikilisiyar da ke birnin Yakubu ta koma mai jin Helenanci, ba mai kaciya a cikinta.

Daga nan sai gaba kura baya sayaki. Bayan 70 Rumawa sun ɗora wa kowane Bayahude harajin dirhami 2 a shekara. Suwitoniyus, marubuci Barume, ya ce yana yaro ya ga an tuɓe wani tsoho ɗan shekara 90 a gaban jama'a a kotu don a duba ko yana da kaciya. Haraji irin wannan yana tilasta wa mutum ya faɗi ko shi wane ne a gaban hukuma: ka biya a rubuta ka Bayahude mai halattaccen addini, ko ka ƙi ka zama Kirista wanda doka ba ta san da shi ba.

A ɓangaren malaman Yahudawa, littafinsu na Talmud ya ce a garin Yabne, ƙarƙashin Gamaliyel na biyu, wajen ƙarshen ƙarni na 1, aka tsara addu'ar la'antar "minim", wato 'yan bidi'a, cikin addu'ar da ake yi kullum. A 1898 Solomon Schechter ya buga wani tsohon kwafe da aka samo a ɗakin ajiyar takardu na wata majami'a a Alƙahira, inda aka ambaci "notsrim", wato Nazarawa mabiyan Isa, ƙarara tare da minim. Masana na jayayya kan yaushe aka saka kalmar, amma a ƙarshen ƙarni na 4 da farkon na 5 marubutan Kirista biyu sun shaida ana la'antar Nazarawa sau uku a rana a majami'u. Ka duba dabarar: ba a kore ka ba, amma ba za ka ja addu'a kana la'antar kanka ba. Akwai kuma labari a littafin Tosefta na wani Ele'azara ɗan Dama da maciji ya sara. Wani Yakubu mutumin ƙauyen Sama ya zo zai yi masa magani da sunan Isa, Rabbi Isma'ila ya hana. Majinyacin ya ce zai kawo hujja cewa ya halatta, amma rai ya yi halinsa kafin ya kawo. Malamin ya ce ya yi sa'a, ya tafi bai keta shingen malamai ba. An rubuta labarin don gargaɗi, amma abin da ya tona shi ne maƙwabtaka: a ƙauyukan Galili mabiyan Isa da sauran Yahudawa rijiya ɗaya suke sha, har ɗan gidan malamai yana neman taimakonsu.

A ɓangaren ikilisiya, ana iya ganin ƙofar tana rufuwa daki-daki. Wajen 160 Jastin, haifaffen Nablus, ya ce Bayahuden da ya gaskata da Almasihu yana kuma kiyaye Attaura zai tsira, muddin bai tilasta wa wasu ba. Ya ƙara da cewa akwai Kiristocin da ba sa ko magana da irin waɗannan, ba sa cin abinci da su, shi dai bai yarda da hakan ba. Shekara 20 bayan haka Irenayus na Liyon a Faransa ya saka su a jerin 'yan bidi'a da suna Ebiyonawa: Linjilar Matiyu kaɗai suke karantawa, suna ƙin Bulus suna ce masa mai ridda daga Shari'a, suna kaciya, suna girmama Urushalima kamar ɗakin Allah, suna kuma cewa Yusufu ne ya haifi Isa. A 404 malamin ikilisiya Jerom ya rubuta wa takwaransa Agustin wasiƙa ya yanke hukunci: suna so su zama Yahudawa kuma Kiristoci, sai suka zama ba Yahudawa ba, ba Kiristoci ba. Jemage ke nan, tsuntsaye sun ƙi shi, dabbobi sun ƙi shi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Duk wanda ya ɗan leƙa ilimin hadisi ya san ba a karɓar ruwaya sai an tambayi wa ya ji daga wa. Idan ka yi wa marubutan nan wannan tambaya, za ka ga ganau kaɗan ne, jiyau ne suka yi yawa, kuma suna kwafar juna. Misali mafi ban dariya shi ne sunan kansa. "Ebiyon" a Ibrananci talaka ne, matalauci, suna ne mai daraja a Zabura, kuma Bulus ya ambaci tara gudunmawa don matalautan Urushalima. Amma Tatuliyan na Kartaj da wasu bayansa ba su jin Ibrananci, kuma a tunaninsu kowace bidi'a da wanda ya kafa ta, sai suka ƙago mutum mai suna Ebiyon. Daga baya har garinsu aka samo masa. Orijin, da ya zauna a Kaisariya yana kuma hulɗa da Yahudawa, ya san ma'anar, sai ya mayar da ita zolaya, wai matalauta ne a fahimta. Shi ne dai ya ba mu bayani mai amfani, cewa iri biyu ne: masu yarda budurwa ce ta haifi Almasihu da masu musun haka.

Wanda ya fi kowa yawan rubutu shi ne Efifaniyus, bishop ɗin Salamis a tsibirin Kubrus, wanda ya rubuta littafinsa Fanariyon, ma'ana akwatin magani, wajen 375, yana raddin bidi'o'i 80. Shi ya raba Nazarawa a babi na 29 da Ebiyonawa a na 30, ya kuma faɗi mazauninsu: Biriya, wato Halab ta Siriya, da yankin Fella, da Kokaba a ƙasar Bashan. Wuraren na yarda da su. Amma a kan Nazarawa shi da bakinsa ya ce ba zai iya cewa ko suna ɗaukar Almasihu mutum ne kawai ko kuwa a'a. Wanda ya zauna da mutane ko na yini ɗaya ai wannan ce tambayar da zai fara yi musu. A babi na 30 kuma ya zuba duk littafin da ya samu mai ƙamshin Yahudanci a tukunya ɗaya ya ce na Ebiyonawa ne. Duk da haka muna masa godiya, don ya kwafo guntaye 7 daga wata Linjila da ba a same ta a ko'ina ba.

Ɗaya daga cikin guntayen ya isa ya nuna maka yadda ake aikin. A Linjilar Matiyu da ta Markus, abincin Yahaya Mai Baftisma fara ce da zumar jeji. A wannan Linjilar an cire farar, aka ce zumar ce mai ɗanɗano kamar wani abin toyi da mai, irin waina. A Helenanci fara "akris" ce, abin toyin kuwa "enkris". Haruffa kaɗan aka taɓa. Daga wannan mun koyi abu biyu. Na farko mutanen ba sa cin nama, har fara ma (mu da muke soya ta da yaji da sun sha mamaki), kuma wani guntun ya sa Almasihu yana cewa ba ya marmarin cin naman Idin Ƙetarewa, wani kuma yana cewa ya zo ne ya kawar da hadayun yanka. Na biyu, wasan kalmar a Helenanci kaɗai yake yiwuwa, ke nan littafin da Helenanci aka rubuta shi, daga Linjilolin da aka riga aka sani. Ba ita ce Linjilar asali ta Ibrananci ba, kamar yadda ake yawan ji a wajen muƙabala. Ka kuma lura mutanen da suka ƙi hadaya sun yi nisa da Yakubun da ya yi kanta a Haikali. Su ma sun canja cikin shekara 300, ba a daskare suke ba.

Jerom ya zauna a hamadar da ke kusa da Halab, ya ce Nazarawan can sun bar shi ya kwafi Linjilarsu, ya ce har ya fassara ta. Ba a cika yarda da shi gaba ɗaya ba, don wasu abubuwan da ya kawo Orijin ya riga shi kawowa. Amma a sharhinsa na littafin Ishaya ya ɗauko wasu fassarori na Nazarawa waɗanda ba su yi kama da ƙirƙira ba. A ciki suna sukar malaman Yahudawa da sunayensu, suna kuma yabon wa'azin Bulus ga Al'ummai. Ga Yahudawa masu bin Attaura waɗanda ba sa gaba da Bulus. Wannan kaɗai ya rushe tunanin cewa ƙungiya ɗaya ce mai aƙida ɗaya.

Muryarsu mafi tsawo ta tsira ne a ɓoye. Akwai wani dogon ƙagaggen labari da aka jingina wa Kilemen na Rum, na saurayin da ya rabu da iyayensa da 'yan'uwansa, ya bi Bitrus yawon wa'azi, ya riƙa gano su ɗaya bayan ɗaya. An tsara shi a Siriya a ƙarni na 4 daga tsofaffin rubuce-rubuce. Masu zaman zuhudu suka yi ta kwafarsa don daɗin labarin. Kwafen Suryaniyanci da aka gama a birnin Ruha a 411 yana ɗakin karatu na Birtaniya a Landan, kuma shi ne littafin Suryaniyanci mafi tsufa mai ɗauke da kwanan wata. A cikinsa Almasihu shi ne Annabin Gaskiya irin Musa, baftisma ta maye gurbin hadaya, Yakubu ne shugaba. Akwai wurin da Yakubu ke wa'azi a matakalar Haikali, sai "wani maƙiyi" ya shigo ya tada hargitsi, ya tunkuɗo shi ƙasa, sannan ya karɓi takarda daga babban firist Kayafa ya nufi Dimashƙu. Ba a faɗi sunansa ba, ba a kuma bukata: Bulus ake nufi.

Ta fuskar tona ƙasa, hannu kusan wayam. Wasu malaman ɗariƙar Faransiskan, Bagatti da Testa, sun yi ta ganin alamunsu a kan akwatunan ƙasusuwa da koguna a Nazarat da Kafarnahum, sai Joan Taylor ta bi hujjojin ɗaya-ɗaya a 1993 ta nuna ba su tsaya ba. Dalili a fili yake: gidan Bayahude mai bin Isa da na maƙwabcinsa iri ɗaya ne, tukwane iri ɗaya, kabari iri ɗaya.

To ina suka ƙare? Mafi yawa sun narke. Wanda ya fi jin Almasihu a ransa, jikokinsa suka bar Asabar suka shige ikilisiyar masu jin Suryaniyanci. Wanda ya fi jin jama'arsa, jikokinsa suka koma majami'a. Da daular Rum ta rungumi Kiristanci a ƙarni na 4, zaman tsakiya ya ƙara tsada: taron shugabannin ikilisiya a garin Lawudikiya ya haramta wa Kirista hutun Asabar. Wani reshe kuma ya bi hanyar da ba wanda ya zata. Wajen 116 wani mai suna Elkasai ya fito da littafin wahayi a yankin Mesofotamiya, yana umarni da kaciya, da fuskantar Urushalima wajen addu'a, da yawan wankan tsarki a ruwa mai gudu. A 1970 masana biyu a Kolon ta Jamus suka sanar da karanta wani ɗan littafi da bai wuce kwalin ashana ba, sai ga shi yana cewa Mani, wanda aka haifa a 216 ya kuma kafa addinin da ya kai har Sin, a cikin mabiyan Elkasai ya tashi tun yana ɗan shekara 4 har ya kai 24.

Na san inda tambayar ta dosa: ko sun kai zamanin Annabi Muhammadu (SAW)? Kalmar Nasara da muke amfani da ita, wadda har ta koma nufin Bature a bakinmu, daga Larabcin Alƙur'ani take, kuma tushenta ɗaya da sunan da aka kira mabiyan Isa da shi a Ayyukan Manzanni 24:5. François de Blois a 2002 da Patricia Crone a 2015 sun kafa hujja cewa akwai irin waɗannan jama'a a kusa da Hijaz. Sidney Griffith da wasu suka ce a'a, Farisawa da masu jin Suryaniyanci sun daɗe suna kiran kowane Kirista da wannan suna, kuma Kiristocin da tarihi ya tabbatar a Najran da Hira da ƙasar Gassanawa na manyan ikilisiyoyi ne. Ruwayar Waraƙa ɗan Naufal a Buhari ta ce yana rubuta Linjila da Ibrananci, wata ruwayar kuma ta ce da Larabci, don haka ba ta yanke hukunci. A 1966 Shlomo Pines ya ce ya gano tsohon rubutunsu a cikin littafin alƙali Abduljabbar na Rayyu, wanda aka rubuta a 995, mai ɗauke da maganar nan cewa ba Rumawa ne suka zama Nasara ba, Nasara ne suka zama Rumawa. S.M. Stern ya mayar masa da martani cewa aikin alƙalin ne da kansa, kuma yawancin masana yau sun fi karkata can.

Ina ba masu muƙabala na ɓangarorin biyu shawara su yi hattara da mutanen nan, don ba su zauna daidai a aljihun kowa ba. Ebiyonawan da suka ce Isa mutum ne, yawancinsu sun ce Yusufu ne ubansa, abin da Suratu Maryam ta kore. Rubuce-rubucensu da suka rage suna maganar gicciye da tashi daga matattu. Nazarawan da Jerom ya bayyana sun yarda Ɗan Allah ne, haifaffen budurwa. Fasto kuma ba zai iya cewa 'yan bidi'ar baya ne kawai ba, alhali kaciya da Asabar ɗin da aka kore su a kai su ne al'adar Yakubu da Bitrus. Littafin da ake kira Linjilar Barnaba kuwa ba nasu ba ne. Kwafensa mafi tsufa da Italiyanci yake, na ƙarshen ƙarni na 16, yana birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Yana cewa shekarar Jubili duk shekara 100 take zuwa, tsarin da Fafaroma ya kafa a 1300, alhali a Attaura shekara 50 ce. Yana sa Isa ya shiga jirgin ruwa zuwa Nazarat da ke kan tudu, yana kuma sa shi ya ce shi ba Almasihu ba ne, alhali Alƙur'ani Almasihu ya kira shi.

Sawu biyu na ƙarshe da ake iya nunawa ga su. Wajen 680 wani shugaban masu zuhudu a tsibirin Ayona ta Sikotland ya rubuta abin da wani matafiyi ya ba shi labari daga Ƙudus, cewa "Yahudawa masu ba da gaskiya" da marasa ba da gaskiya sun yi jayayya kan mayafin da aka rufe kan Almasihu da shi, har aka kai ƙara gaban Mu'awiya. Labarin cike yake da al'ajabi, kuma mai yiwuwa tubabbun Yahudawa ne na zamanin kawai. Na biyun ya fi ƙarfi. A 987 Ibn Nadim, mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya rubuta a Fihrisarsa cewa a fadamun kudancin Iraƙi akwai jama'a masu yawa da ake kira Mugtasila, masu yawan wanka, suna wanke duk abin da za su ci, kuma sunan shugabansu na asali Alhasih, wato Elkasai ɗin nan da ya yi wa'azi shekara 870 kafin nan.